Cutar Ruɗin Tunani: Ma'anar Lambobin F22 da 6A24 a Takardun Asibiti

Cutar ruɗin tunani lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya yi imani da abin da ba shi da tushe, ya kuma kafe a kai ko da an kawo masa hujja ƙarara. Wani zai haƙiƙance ana bibiyarsa don a cutar da shi, wani ya zargi matarsa da cin amana ba gaira ba dalili, wani kuma ya dage cewa yana ɗauke da ciwon da gwaje-gwaje ba su nuna ba. Galibi irin wannan mutum yana ci gaba da sana'arsa, maganarsa a tsare, sai an taɓo batun da ruɗin ya shafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin rarraba cututtuka mai suna ICD, wanda ke bai wa kowace cuta lambarta. A bugu na 10, da aka amince da shi a shekarar 1990, lambar wannan cuta ita ce F22. Bugu na 11, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, ya mayar da ita 6A24, tare da bayyana halin da majinyaci ke ciki: 6A24.0 idan alamun suna nan, 6A24.1 idan sun ragu, sai 6A24.2 idan sun gushe.

Kafin likita ya rubuta lambar, kundin ya tanadi cewa ruɗin ya daɗe aƙalla wata 3, yayin da kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya tsaya a wata 1. Dole kuma ya tabbatar cewa ba miyagun ƙwayoyi ko wani ciwo a ƙwaƙwalwa ne ya haddasa shi ba. Idan ana yawan jin muryoyi kuma magana ta wargaje, to cutar sikizofireniya ce ake zato, wadda lambarta F20 ce.

Ana kuma la'akari da al'ada. Abin da jama'ar mutum suka yi tarayya da shi wajen gaskatawa, kamar sammu ko shafar aljanu, ba ya zama ruɗi don kawai baƙo ne ga likita.

Lambar tana bin majinyaci daga asibiti zuwa asibiti, da ita ake neman kuɗin inshorar lafiya, da ita kuma hukumomi ke ƙididdigar masu fama da cutar. Kuskure a cikinta na iya jawo wa mutum shekaru yana shan maganin da ba nasa ba.