Akwatin Rediyo da Maganar Hukuma a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Kafin akwatin rediyo ya shiga ƙauyukan da ke bakin Gulbin Sakkwato, irin su Tsibiri, maganar hukuma takan iso wa talaka ne ta bakin sankira, wato mai shelar da ke zagaya gari ko kasuwa yana faɗin umarnin sarki, kuma ba a san shela da amsa tambaya ba. Rediyo ya gaji wannan aiki, sai dai bai shiga zukatan mutane da sanarwa ba, da kiɗa ya shiga. Gidan Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, ya tarar da wannan yanki cike da makaɗan fada, domin Musa Ɗanƙwairo haifaffen ƙasar Bakura ne da ya yi zamansa a Maradun, Sa'idu Faru kuma daga Faru ya fito, saboda haka manomin da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana huɗa, kotson gidansu yake ji yana fitowa daga Kaduna. Shirin Zaɓi Sonka, inda mai sauraro ke aika takarda a gaida 'yan uwansa a sa masa waƙa, da wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, su ne suka sa sayen batir ya shiga cikin cefanen maigida.

Abin da wannan nishaɗi bai iya rufewa ba ya bayyana a Bakolori. Madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kusa da Talata Mafara, aka kammala ta a 1978, ta tashi dubban mutane daga gidajensu, ta kuma cinye gonaki da fadamu, alhali biyan diyya ya zo da jinkiri da rufa-rufa, har manoma suka riƙa tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne, kuma a lokacin babu gidan rediyo ko ɗaya a Nijeriya da ba na gwamnati ba. Irin wannan giɓi tsakanin abin da ido ya gani da abin da aka sanar shi ne ya ƙara wa gajeren zango daraja, wato layin da ke ɗauko tasha daga nesa, inda Sashen Hausa na BBC ke magana tun 1957, na Jamus tun 1963, na Muryar Amurka tun 1979. Abin takaici ne a ce sai mutum ya murɗa zuwa Landan kafin ya ji an yi wa gwamnansa tambayar da ba ya so.

Dokar soja ta 1992 ta halatta wa 'yan kasuwa buɗe tashoshi, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wayar salula kuma ta bai wa mai sauraro damar kira kai tsaye ya tambayi ina kuɗin taki ko na rijiyar burtsatse suka maƙale. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa ma'aikatu nuna takardunsu ga mai nema, ba ta yi tasirin waɗannan kiraye-kiraye a karkara ba, domin ita a aikace rubutu take buƙata.

Hannun hukuma dai bai sauka daga kan makunnin ba. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara, ƙarƙashin Bello Matawalle ɗan Maradun, ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, sai Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa ta ce jiha ba ta da wannan hurumi, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin.