Riyal ɗin azurfa da ya fi wuyar samu lafiyayye

Masu tara tsofaffin kuɗi a Amurka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70 na auna lafiyar kwabo, kuma suna iya zubar da dukiya a kan dalar azurfa guda, irin Morgan ta 1893 da aka buga a San Francisco, wadda 100,000 kacal aka yi. Mu a ƙauyukan Hausawan Bahar Azrak, daga Mai Wurno har Abu Na'ama, namu dalolin suna cikin adakar tsofaffi, kuma tambayar ta shafe mu: wanne ne ya fi wuyar samu bai ci duniya ba?

Kowa zai ce riyal mai hoton mace, wanda mutanen Kano ke kira liyari, Larabawan Sudan kuma Abu Nukɗa. Hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ne a jikinsa. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa. Lokacin da Barth ya shiga Kano a 1851, ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Irinsa ne mahajjata ke ɗaurewa a ƙugu su ratso Barno da Wadai da Darfur, don ya fi buhun wuri sauƙin ɗauka, kuma ko'ina ana karɓarsa. Jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 ta wannan hanyar ta zo.

Sai dai a nan mutane ke ruɗuwa. Duk wanda ya ga 1780 a jikin riyal ɗinsa sai ya ɗauka ya riƙe abin shekara ɗari biyu da arba'in. A shekarar ne sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin ba a canza lambar ba, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda ya saɓa da abin da idonsu ya saba gani. An buga shi a Biyana da Milan da Rum da Landan da Faris da Bombay, kuma har yau Ostiriya na bugawa. Saboda haka mai sheƙi fes ba shi da wuya ko kaɗan. Wanda ya yi tafiyar ƙasa ne ba ya tsira. Sunan Abu Nukɗa ma daga ɗigo-ɗigon da ke jikin adon sarauniyar ya fito, waɗanda ɗan kasuwa ke shafawa da yatsa, in sun goge ya rage masa daraja. Wanda ya tsallake kasuwa kuma mata na jiransa: a huda shi, ko maƙerin azurfa ya liƙa masa kunne a rataya a wuya, ko a narkar da shi a yi munduwa.

A ganina amsar tana Omdurman. Bayan faɗuwar Khartoum a Janairun 1885, Mahadi ya sa aka buga riyal na azurfa mai ƙirshi 20, a kan fasalin majidin Turkiyya, da shekarar Hijira 1302 da rubutun da ke cewa da umarnin Mahadi aka yi. A watan Yunin shekarar ya rasu. Watanni kaɗan ke nan aka samu ana bugawa, kuma azurfarsa mai kyau ce. Wannan kyan shi ya cinye shi.

Halifa Abdullahi ya ci gaba da buga nasa a Omdurman, ciki har da wanda ake kira makbul, wato karɓaɓɓe. Sunan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakka. Azurfa ta yi ƙaranci a baitulmali, ga yaƙi ta kowace kusurwa, ga yunwar 1889 da har yau ake kira Sanat Sitta. Sai aka riƙa rage azurfar ana ƙara jan ƙarfe, bugu bayan bugu, har na ƙarshe-ƙarshe suka zama jan ƙarfe da aka shafa wa farin ruwa a fuska. Hukuma ta tilasta a karɓa. Mai hankali ya kashe sabon a kasuwa, ya binne tsohon ko ya miƙa wa maƙeri. Haka riyal ɗin Mahadi ya ɓace.

Na Halifa kuwa suna nan da dama, amma samun lafiyayye aiki ne. Tun daga maƙera da yawansu suka fito a karkace, rubutun wani gefe bai fito ba. Shafin azurfar yana gogewa da ɗan yawo a hannu, sauran kuma laka da damshin ƙasarmu suka mai da su kore. Bayan Karari a Satumban 1898 aka daina karɓarsu, ba wanda ya ga dalilin adana su da kyau.

Abin da ya sa na damu shi ne halin da yaƙin nan ya jefa mutane, inda kayan kakanni ke fita daga gidaje ana sayarwa a kan sikeli. Liyari mai huji ba a yi asara sosai ba in an sayar da shi da nauyi, azurfarsa ce kuɗinsa. Amma wanda rubutunsa na Larabci ne zalla, babu hoton kowa, a tsaya a karanta shekarar tukuna. Kuma kada a dirje shi da toka ko lemun tsami don ya yi haske, domin a kan makbul wannan dirzar ce ke kwashe ɗan abin da ya rage na azurfar.