William Schallert da Yajin Aikin 1980: Wa Ya Dace Ya Jagoranci 'Yan Wasa?

Masu nazarin tarihin fim a Amurka sun fi mayar da hankali kan taurari, alhali mafi yawan masu cin abinci a sana'ar mutane ne da ake gane fuskarsu amma ba a riƙe sunansu. Su ne ke fitowa a matsayin uba, likita, malami ko alƙali. Wannan maƙala ta ɗauki William Schallert (1922 zuwa 2016) domin nuna cewa irin waɗannan 'yan wasa ne suka fi sanin amfanin ƙungiyar ƙwadago, saboda haka shugabancinsu na da hujja mai ƙarfi.

An haifi Schallert a Los Angeles, kuma mahaifinsa mai sharhin wasan kwaikwayo ne a jaridar Los Angeles Times. Ya shafe sama da shekara 60 yana sana'ar. An fi saninsa da rawar uba a shirin The Patty Duke Show daga 1963 zuwa 1966. A 1967 ya fito a matsayin magajin gari a fim ɗin In the Heat of the Night, ya kuma fito a Star Trek. Duk da yawan ayyukansa, ba sunansa ne ke sayar da fim ba. Tauraro yana da wakili da lauya da za su yi masa cinikin maƙudan kuɗi. Ɗan wasa irin Schallert kuwa ya dogara ne da mafi ƙarancin ladan da ƙungiya ta yanka, da kason da ake biya duk lokacin da aka maimaita nuna aiki, da asusun fansho da na lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1979 aka zaɓi Schallert shugaban Screen Actors Guild, wato SAG, ƙungiyar da aka kafa a 1933. Lokacin ya zo daidai da yaɗuwar kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin na biyan kuɗi. Tambayar ita ce: idan kamfani ya sami sabuwar hanyar sayar da aiki, ɗan wasa yana da rabo a ciki? Ranar 21 ga Yuli, 1980, SAG da takwararta AFTRA suka shiga yajin aiki, wanda ya ɗauki kimanin wata uku. A watan Satumba 'yan wasa suka ƙaurace wa bikin kyautar Emmy, Powers Boothe ne kaɗai cikin 'yan wasan da suka yi nasara ya je ya karɓi tasa. Yarjejeniyar da aka cim ma ta ƙara mafi ƙarancin lada, ta kuma ba 'yan wasa kaso daga kuɗin shigar ayyukan da aka shirya domin sababbin kafofin.

Dole a duba hujjar masu suka. Membobi da dama sun ga abin da aka samu bai kai wahalar da aka sha ba, kuma a zaɓen 1981 Ed Asner, wanda ya fi Schallert suna, ya kayar da shi. Wasu na kafa hujja da wannan cewa ƙungiya na buƙatar tauraro da zai ja hankalin jaridu, kamar Ronald Reagan da ya jagoranci yajin 1960. Gaskiya ne suna na jawo hankali. Sai dai abin da ke ɗorewa bayan an daina surutu shi ne ƙa'idar da ta shiga rubutacciyar yarjejeniya. Yajin 1980 ya tabbatar da cewa sabuwar fasaha ba ta soke haƙƙin wanda ya yi aikin. Ko da kason bai taka kara ya karya ba, ana iya neman ƙari a zaman gaba. Wanda bai samu gurbi a takarda ba kuwa ba shi da abin da zai nemi a ƙara masa.

Shekara 43 bayan haka, a 2023, SAG-AFTRA, wato haɗakar SAG da AFTRA, ta yi yajin kwana 118 kan kason finafinan da ake kallo ta intanet da kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen kwaikwayon fuska da muryar ɗan wasa. Asalin taƙaddamar ɗaya ne da na 1980. Don haka bai dace a auna Schallert da faɗuwarsa zaɓe ba. Ma'aunin shugaban ƙungiyar 'yan wasa shi ne abin da ya tanadar wa memban da ba shi da bakin ciniki, kuma a wannan ma'auni Schallert ya sauke nauyin da aka ɗora masa.