Monika ta Tagaste da uwar jikanta da aka sallama

Duk ranar 27 ga Agusta 'yan Katolika kan tuna da Waliyiya Monika, kuma wa'azin kusan ɗaya ne kowace shekara: uwa ce da ta yi ta kuka da addu'a har ɗanta Agustin ya shiryu. Gaskiya ne. Sai dai akwai wata mace a labarin da ba a cika ambato a kan mumbari ba, ita ce uwar jikan Monika.

An haifi Monika wajen shekarar 331 a Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya. An aurar da ita ga Patirisiyus, mutumin da ba Kirista ba, mai zafin rai, mai neman mata. Bayin gida suka shiga tsakaninta da uwar mijinta da tsegumi, ta yi ta haƙuri har tsohuwar da kanta ta sa aka zane masu kai gulmar. Mijin ma ya karɓi baftisma dab da rasuwarsa. Agustin ne ya bar mana duk wannan a littafinsa Confessions, bai kuma ɓoye cewa Monika tana yarinya ta saba kurɓar ruwan inabi a ɓoye ba, sai da wata baiwa ta yi mata gori ta daina.

Yaron ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Ya tafi karatu Kartaj, ya shiga zaman dadiro da wata mata, suka haifi Adiyodatus wajen 372, ya kuma bi ɗarikar Mani shekara tara. Da farko Monika ta hana shi cin abinci a gidanta. A 383 ya yaudare ta a bakin teku, ya ce rakiyar aboki ya zo, ya bar ta tana kwanan addu'a a ɗakin ibada na Waliyi Sifiriyan, jirgi ya tashi da shi zuwa Roma. Wata uwar da ta sallama shi ga duniya. Ita kuwa ta tsallake teku ta riske shi a Milan, inda ya samu kujerar malamin balaga.

A nan ne gardamar take. An nema masa auren wata yarinya wadda saura shekara biyu ta isa aure. Matar da suka yi shekara goma sha wani abu tare aka sallame ta zuwa Afirka, ta bar ɗanta, ta yi alwashin ba za ta ƙara sanin namiji ba. Masu wa'azi sukan ce Monika tana so ne ya fita daga zunubi, ya yi aure na halal don ya samu baftisma. Masana tarihi da yawa kuwa suna nuni da wani abin: Agustin yana harin muƙamin gwamna, kuma a tsarin Romawa hakan na buƙatar mata mai asali wadda za ta zo da dukiya.

Ni na fi karkata ga na biyun. Da tsarkake zaman ne kaɗai manufa, me ya hana a ɗaura masa aure da uwar ɗansa? Wasu kan ce mai yiwuwa asalinta ne ya hana, domin dokar Roma ta taƙaita aure tsakanin manya da na ƙasa. To ko da haka ne, matsayi ne ya yi hukuncin. Agustin ya faɗa ƙarara cewa mahaifiyarsa ce kan gaba wajen neman auren, amma da ya zo kan korar bai ambaci wanda ya yi ba, sai ya ce an raba shi da matar har zuciyarsa ta yi jini. Ɗa mai kunyar uwa haka yake magana. Shi ma ba a wanke shi ba, don kafin amarya ta isa ya riga ya ɗauko wata farkar. Ko sunan wadda aka kora bai rubuta ba. Floria da wasu ke kiranta da shi ƙirƙirar marubucin Norway ne, Jostein Gaarder, a 1996.

Auren dai bai yiwu ba. Agustin ya watsar da muƙami da aure gaba ɗaya, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a daren Ista na 387, tare da Adiyodatus. Suna hanyar komawa gida zazzaɓi ya kama Monika a Ostiya. Ita da ta tanadi kabari kusa da na mijinta sai ta ce a binne ta ko'ina, a dai riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Ta rasu a kwana na tara, tana da shekara 56.

Wanda ya fara fashewa da kuka a kan gawar shi ne jikan nan da aka raba da uwarsa, har sai da manya suka tsawata masa. Wannan ya isa shaida cewa ta riƙe shi riƙon kaka. Shi ma bai daɗe ba ya bi ta, bai kai shekara ashirin ba. An mayar da ƙasusuwanta Roma a 1430, suna cocin da ke ɗauke da sunan ɗanta.