Matsayin Mace a Musulunci: Shaida Daga Tarihin Kanem-Borno

Manazarta da dama in sun tashi tattauna matsayin mace a Musulunci a ƙasarmu, sukan fara da ayoyin gado na Suratun Nisa'i, sannan su tsallako kai tsaye zuwa ga Nana Asma'u (1793-1864) da ƙungiyarta ta 'Yan Taru. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Borno na da shaidar da ta girmi wannan da shekaru ɗaruruwa.

Littafin Diwan, wato jerin sarakunan Saifawa da Heinrich Barth ya samo a Kukawa cikin 1851, ya kawo labarin Mai Biri ɗan Dunama, wanda ya yi mulki a ƙarni na 12. An ce ya sa an kashe wani ɓarawo. Da mahaifiyarsa Fasama ta ji, sai ta kafa masa hujja da aya ta 38 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hukunta yanke hannu, ba kisa ba. Daga nan ta tsare shi har shekara guda. Abin lura shi ne, ikon nata ya tsaya a kan ƙafafu biyu: matsayinta na uwar sarki, da kuma sanin nassi.

Wannan matsayi shi ne Kanuri suke kira Magira. Tare da ita akwai Gumsu, uwargidan sarki, da Magram, 'yar'uwarsa. Waɗannan sarautu ne masu ƙasa da talakawa, kamar yadda Magajiya da Iya suke a wasu masarautun Hausa.

Misali na biyu shi ne Aisa Kili, wadda ruwayar baka ta ce ta riƙe gadon sarauta shekara bakwai kafin Mai Idris Alooma, a ƙarni na 16. Wasu sun ce mahaifiyarsa ce, wasu 'yar'uwarsa. Amma Diwan bai sa ta a jerin sarakuna ba, haka ma Imam Ahmad ibn Furtu bai ambaci mulkinta ba.

Ke nan alƙalamin malamai ya adana macen da ta kare nassi, ya bar wadda ta hau karaga. Saboda haka duk mai nazarin tarihin mata a Borno, wajibi ne ya haɗa rubutun Larabci da ruwayoyin Kanuri, domin kowanne ya riƙe abin da ɗayan ya saki.