Daga Gaskiya Zuwa Keyman: Yadda Ƙugiya Ta Shiga Kwamfuta

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 yana buga ɓ, ɗ da ƙ lafiya lau. Da kwamfuta ta iso, babu su a allon rubutunta: ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro samfurin haruffa na Rabi'at, sai dai wanda bai ɗora shi a kwamfutarsa ba, shirme yake gani. Tsarin Unicode ne ya raba gardama. Yau manhajar Keyman, kyauta, tana rubuta ƙugiyar da ba ta rikiɗewa. Ku sauke ta tun kafin babin farko. Bin shafi 300 ana saka ƙugiya ba wasa ba ne.