Baturiyar da ta ceto noman nori a Japan

Japanawa kan naɗe curin shinkafarsu, onigiri, da nori, busasshiyar ciyawar teku mai kaurin takarda. Shekaru aru-aru masunta suna nomanta ba su san inda irinta ke fitowa ba. Sai dai su kafa sanduna a bakin teku su jira sa'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu noman ya durƙushe.

A 1949, Kathleen Drew-Baker, masaniyar tsirrai a Jami'ar Manchesta ta Ingila, ta gano cewa wannan ciyawa kan yi wani zangon rayuwarta ne a cikin katantanwar teku. Da wannan sani masanan Japan suka fara renon irin da kansu, noman ya farfaɗo. Ba ta taɓa taka Japan ba, amma kowace 14 ga Afrilu ana tunawa da ita a garin Uto da laƙabin Uwar Teku.